Jiragen yaƙin Ingila samfurin Leda: tambayoyi da amsoshi

Tun ranar da na kawo maganar tsohon jirgin yaƙin nan na Ingila Trincomalee, ɗaya daga cikin jiragen samfurin Leda, ake ta jefo min tambayoyi, wasu ma iri ɗaya ce mutum biyar su yi ta, to na ga gara in tara su wuri guda in amsa in huta. Wanda ya ga amsarsa ta yi gajarta ya yi haƙuri, ba kowace tambaya ce ke da nama a jiki ba.

Wai me ake nufi da samfurin Leda ɗin nan?

Ka san yadda Fijo 504 take, ko a Faransa aka haɗa ta ko a Kaduna, zubin ɗaya ne, wanda ya san ɗaya ya san sauran. To haka sojan ruwan Ingila suke yi da jiragensu, in aka zana jirgi ya yi kyau sai a ɗauki wannan zanen a raba wa masu ƙira daban-daban a ce kowa ya yi irinsa, kuma duka a kira su da sunan na farkon. Na farko a wannan gida sunansa Leda, an saka shi a ruwa a 1800, daga nan aka yi ta yi har wajen 1832, jimilla jirage 47. Shekara talatin da ɗoriya ana buga zane ɗaya kenan, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani.

Na ji ana ce masa firiget. Me ya bambanta shi da sauran jiragen yaƙi?

Jiragen yaƙi na lokacin hawa-hawa ne, Turawan Ingila sun kasa su daraja shida. Na ɗaya zuwa na uku su ne manya masu benen igwa biyu ko uku, irin su Victory mai igwa sama da 100, jirgin shahararren kwamandan ruwansu Nelson, waɗanda aikinsu su jera sahu su yi ta luguden wuta da sahun abokan gaba. Firiget ba ya shiga wannan sahu, in ya shiga ma a ɗan lokaci za a mai da shi itacen girki. Shi bene ɗaya ne na manyan igwa, ga gudu, ga shi yana iya wata da watanni a teku shi kaɗai. Samfurin Leda suna daraja ta biyar.

Aikinsa shine leƙen asiri, kai saƙo, rakiyar jiragen 'yan kasuwa, tsare bakin tashar abokan gaba kada kowa ya fita, da kuma farautar jiragen kayansu. Wato shi ne ido da kunnen rundunar. A 1798 da Nelson ya yi ta bilinbituwa a tekun Bahar Rum yana neman jiragen Napoleon na Faransa ya rasa, kukan da ya yi ta yi kenan, ba shi da isassun firiget, har ya rubuta cewa in ya mutu a lokacin za a tarar da rashin firiget a rubuce a zuciyarsa.

Da gaske ne wai zanen na Faransa ne suka kwaikwaya?

Gaskiya ne, kuma ba su ɓoye ba. A watan Satumba 1782 wani jirgin Ingila mai suna Rainbow ƙarƙashin kyaftin Henry Trollope ya ci karo da sabon firiget ɗin Faransa, Hébé, wanda shahararren mai zanen jiragensu Jacques-Noël Sané ya zana. Rainbow tsoho ne amma an cika shi da wata sabuwar igwa gajera mai faɗin baki da ake ce wa karoned, mai jefa ƙwallon ƙarfe ƙato. Faɗan ma bai yi nisa ba kyaftin ɗin Faransa ya ga girman abin da ke faɗo masa a jirgi ya sauke tuta. Aka ja Hébé zuwa Ingila lafiyarsa ƙalau, aka auna shi ciki da bai, aka ajiye awon. Shekara goma sha wani abu bayan nan aka ciro shi aka yi Leda da shi.

Ni abin da ke ba ni dariya, mutanen da suka fi kowa cika baki da cewa su ne sarakunan teku, samfurin firiget ɗin da suka fi yi da yawa daga wajen babban abokin gabarsu suka samo shi. Amma fa ba su bar shi yadda yake ba, Faransawa suna ƙera jirgi mara nauyi don gudu, su kuma Ingilishi suna son wanda zai jure zaman teku ba dawowa gida, sai suka ƙara masa ƙwari a haƙarƙari.

Girmansa kamar yaya, kuma igwa nawa yake ɗauka?

Tsawon benen kusan ƙafa 150, wato wajen mita 46, faɗi kuma kusan ƙafa 40, mita 12 kenan. Ko rabin filin ƙwallo bai kai ba. A cikin wannan ɗan wuri ake cusa mutum 284, daga baya ma aka kai su 300 da 'yan kai. Jigo uku gare shi, wato dogayen itatuwan da ake ɗaura filafilai a jiki, in iska ta yi daɗi yana iya kai wa kilomita 24 a awa, wanda a lokacin gudu ne na gaske.

Manyan igwa 28 ne a babban bene, 14 kowane gefe, kowacce na jefa ƙwallon ƙarfe mai nauyin laba 18, kilo 8 da ɗan wani abu. Sai ƙanana da karoned a sama, gaba da baya.

Wani wuri na ga an ce igwa 38, wani wuri 46. Wanne ne daidai?

Duka biyun. Da can ba a lissafa karoned a cikin adadin, sai a ce jirgi mai 38 alhali abin da ke kansa ya haura 40. A 1817 aka gyara lissafin aka fara ƙirga komai, jiragen da aka sani da 38 suka wayi gari suna 46 ba tare da an ƙara musu ko ƙusa ba.

Yaya ake harba igwar?

Yawwa, wannan tambayar na so. Igwa ɗaya da kekenta na katako ta kusa tan 2, kuma ta baki ake ɗura ta kamar bindigar toka ta mafarauta. Da an harba, sai ta yi baya da ƙarfi, wata igiya mai kauri da aka ɗaure a jikin jirgi ce ke tare ta, wanda ya tsaya a bayanta a lokacin ƙafarsa ta tafi. Nan take mutum ɗaya ya zura sanda mai jiƙaƙƙen soso a ciki ya kashe duk wani garwashi da ya rage, don in ba a yi haka ba aka tura sabon albarushi to hannun mai turawa ne zai fara tashi. Sai a tura jakar albarushi, a bi ta da ƙwallon ƙarfe, a toshe da tsummar igiya don kada ƙwallon ya gangaro in jirgi ya karkata, a danna da sanda, sannan kowa ya kama igiya a ja wannan tan biyun gaba har bakinta ya leƙa ta taga. Shugaban igwar ya soka tsinken ƙarfe ta ɗan ramin baya ya huda jakar, ya duƙa ya saita, ya jira igiyar ruwa ta ɗaga jirgin daidai, ya fizgi zaren kunama. Duk wannan cikin hayaƙin da ba ka ganin na kusa da kai, da ƙarar da ke toshe kunne, yara ƙanana kuma na ta gudu suna kawo albarushi daga ɗakin ajiya na can ƙasa. Har yashi ake barbaɗawa a daɓen kafin a fara saboda santsin jini.

Kuma ba ƙwallon ne ya fi kisa ba, a'a, ɓaraguzan katakon da yake tarwatsawa in ya huda bango, su ne ke yanka mutane.

A cikin 47 ɗin wanne ya fi suna?

Shannon, ba ma kusa. An saka shi a ruwa a 1806 aka damƙa shi hannun kyaftin Philip Broke, kuma ya riƙe shi shekara bakwai cur.

Sai ka san halin da ake ciki kafin ka gane dalilin sunan. A 1812 yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Amurka, mutanen Landan suna ganin wasan yara ne tunda sun saba cin Faransa da Sifen a teku. Kafin shekarar ta ƙare Amurka ta cinye musu firiget uku ɗaya bayan ɗaya, Guerriere a watan Agusta, Macedonian a Oktoba, Java a Disamba. Abin kunya ya ishi kowa, ko da yake in za a yi adalci jiragen Amurkan da suka yi wannan aiki, Constitution da United States, sun fi girma nesa ba kusa ba kuma igwarsu mai laba 24 ce.

Shi Broke mutum ne mai naci a kan harbi. Yawancin kyaftin na lokacin sun fi damuwa da fenti da goge tagulla, shi kuwa kusan kullum sai mutanensa sun yi atisayen igwa, a jefa ganga a ruwa a ce a same ta, wanda ya samu a ba shi tukuicin taba. Da kuɗin aljihunsa ya sa wa igwoginsa abin saiti. Da ya zo tsare tashar Boston, in ya kama jirgin 'yan kasuwa sai ya ƙone shi maimakon ya cire mutanensa su kai shi tasha a sayar, wato ya bar kuɗi yana kallo don kada ranar faɗa ta zo hannunsa ya yi ƙaranci.

A cikin tashar akwai firiget ɗin Amurka Chesapeake, wanda girmansa da igwarsa kusan kunnen doki suke da Shannon. Kyaftin ɗinsa James Lawrence jarumi ne da ya riga ya yi suna, sai dai bai fi 'yan kwanaki da karɓar jirgin ba, bai gama sanin mutanensa ba su ma ba su gama sanin juna ba. Broke har wasiƙa ya rubuta masa yana gayyatarsa ya fito su gwada ƙwanji, amma kafin ta isa Lawrence ya riga ya ɗaga anga. Ranar 1 ga Yuni 1813 ce, mutanen Boston har da masu bin sa a ƙananan jirage don kallo.

Wajen ƙarfe shida saura na yamma suka haɗu, gab da gab. Wutar farko ta Shannon ta share saman Chesapeake, masu riƙe da sitiyari suka faɗi, sitiyarin kansa ya karye, hafsoshi suka zube, jirgin ya rasa mai juya shi ya yi baya-baya har gindinsa ya zo ya maƙale a jikin Shannon. Harsashi ya sami Lawrence, ana ɗauke shi zuwa ƙasa yana cewa kada a ba da jirgin, maganar da har yau sojan ruwan Amurka ke taƙama da ita. Broke ya zare takobi ya tsallaka da kansa mutanensa na biye. Daga harbin farko zuwa sauke tuta minti 11 ne ko ɗan sama da haka. Mutum sama da 20 suka mutu a Shannon, na Chesapeake sun ninka haka har da ƙari, ban da masu rauni.

Broke kansa ya sha sara a ka har ƙoƙon ya buɗe, ya rayu amma bai ƙara jagorantar jirgi ba. Mataimakinsa na ɗaya ya mutu, sai wani saurayi ɗan shekara 22, Provo Wallis, ya ja jiragen biyu zuwa Halifax a Kanada, garinsu kenan ma, suka isa ranar 6 ga wata. Lawrence ya cika a hanya. Shi wannan Wallis ɗin sai da ya shekara 100 a duniya, ya mutu a 1892 yana da muƙami mafi girma a sojan ruwan Ingila. Katakon Chesapeake kuwa daga baya aka sayar aka gina injin niƙa da shi a wani ƙauye Wickham, ginin na nan har yanzu.

To kenan samfurin Leda ya fi na Amurka kyau?

A'a, kada a ɗora wa jirgi abin da ba nasa ba. Da Shannon ya haɗu da Constitution labarin zai iya zama daban, hukumar sojan ruwan Ingila ma da kanta ta ba da umarni a 1813 cewa kada firiget mai laba 18 ya tari waɗancan manyan shi kaɗai. Abin da ya ci Chesapeake shekara bakwai ɗin nan ce ta jefa ganga a ruwa ana harbi. Jirgin mai kyau ne, amma irinsa da yawa sun yi zamaninsu sun ƙare ba wanda ya san sunansu.

Da wane itace ake yin su?

Asali da itacen ok na Ingila, sai a lulluɓe ƙasan da fallayen jan ƙarfe saboda wata tsutsar ruwa mai cin katako da kuma gansakuka da ke rage gudu. Amma shekara ashirin ana yaƙi da Faransa dazukan sun yi sauƙi, ok mai kyau ya yi wuya. Da yaƙin Amurka ya taso ana neman jirage da gaggawa sai aka yi guda takwas da itace mai taushi dangin fain, wanda ke saurin aiki kuma ke saurin ruɓewa, aka sa musu sunayen koguna. Ɗaya a cikinsu sunansa Niger, na 1813, sunan kogin Kwara namu kenan, a lokacin da Turawa ba su ma san inda kogin yake faɗawa teku ba. Bai yi shekara goma ba aka farfasa shi.

Me ya kai su ƙera wasu a Indiya?

Itacen tik. A gaɓar Malabar akwai shi jingim, yana da mai a jikinsa, ruwa ba ya cinsa da wuri kuma ba ya sa ƙarfe tsatsa kamar ok. Ga kuma gwanayen kafintoci a Bombai, Mumbai ta yanzu, zuri'ar Wadia, waɗanda sana'ar ƙera jirgi gadonsu ce kaka da kakanni. Babbansu a lokacin Jamsetjee Bomanjee Wadia shi ya ƙera biyu na wannan samfuri, Amphitrite a 1816 da Trincomalee.

Akwai wani abin dariya a nan. Zanen da aka aika daga Ingila don a yi aikin yana cikin Java ne, jirgin nan da na ce Constitution ta ci a Disamba 1812 ta kuma ƙone shi a gaɓar Birazil, sai da aka sake aiko wani. Shi ya sa aikin ya yi jinkiri har yaƙin ya ƙare. Da za a fara, aka buga ƙusar azurfa a ƙashin bayan jirgin bisa al'adar mutanen Wadia ta neman sa'a. An saka Trincomalee a ruwa ranar 12 ga Oktoba 1817, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a Sakkwato kenan, ga mai son ya kwatanta tsufansa. Kuɗin aikin fam 23,000. Sunan kuma na wata tasha ce a Siri Lanka inda Ingila da Faransa suka gwabza a 1782.

Yaya rayuwa take a ciki?

Matsi. Ƙananan ma'aikata suna kwana a benen da ke ƙarƙashin na igwa, ba taga, dogon mutum sai ya sunkuya, kowa a gadon lilo na tamfol da ake ratayawa, kuma faɗin da doka ta ba mutum inci 14 ne, ɗan abin da ya fi taku ɗaya kaɗan. Abin da ya sa ake iya numfashi shine rabin mutane na bakin aiki yayin da rabi ke barci, ana canji duk awa huɗu. Kyaftin shi kaɗai ke da falo a baya mai tagogin gilashi, shi ma in za a yi faɗa kafinta ya zo ya cire bangayen don akwai igwa a ɗakin.

Abinci naman shanu da na alade da aka jiƙa a gishiri a ganga, wani ya shekara, da busasshen biskit mai tauri kamar dutse wanda sai ka ƙwanƙwasa shi a tebur ƙwari su fito, da wake da cuku. Ruwan sha in ya daɗe a ganga ya yi kore ya yi wari, shi ya sa ake ba su giya kullum, in ta ƙare a ba su barasar rake da aka surka da ruwa, kuma yawancin bulalar da ake yi a jirgi a kan maye ne, ka ga an ba ka abu da hannun dama an hukunta ka da na hagu. Bulalar mai harshe tara ce, a ɗaure mutum a tara kowa ya kalla. Ciwon da ke sa dasashi ya ruɓe haƙora su zube saboda rashin ɗanyen abu ya ragu sosai a zamanin waɗannan jirage don tun 1795 aka fara raba ruwan lemun tsami. Duk da haka cuta da haɗari sun fi igwar abokan gaba cin mutane, nesa ma.

Da son ransu suke shiga?

Wasu e, wasu kamun ƙarfi. A lokacin yaƙi doka ta yarda a tura 'yan sintiri cikin garuruwan bakin teku su kama duk wanda ya san aikin jirgi, ko a tare jirgin 'yan kasuwa da ke dawowa gida a kwashe masa mutane. Wannan ɗabi'a ta kwashe mutane daga jiragen Amurka tana cikin abin da ya haddasa yaƙin 1812 ɗin.

Amma in dai za a shiga, kowa firiget yake so, saboda ganima. Jirgin abokan gaba da aka kama ana sayar da shi da kayansa a raba kuɗin kashi takwas, kafin 1808 kyaftin na da uku, bayan nan aka mai da shi biyu, sauran a bi muƙami a raba har kan ƙaramin yaro. Kyaftin mai sa'a tafiya ɗaya ta ishe shi sayen gona da gida. Yanzu ka ƙara gane abin da Broke ya yi da yake cinna wa nasa wuta.

Akwai waɗanda suka nutse?

Akwai, kuma ba a fagen yaƙi ba. Leda kansa a Janairu 1808 guguwa ta buga shi da duwatsu a bakin Milford Haven a Wales. Pomone kuma a 1811 ya hau kan duwatsun Needles a tsibirin Wight yana dawowa gida, ƙofar gida kenan. A duka biyun an tsira da mutane.

Me ya kawo ƙarshensu?

Zaman lafiya da farko, don bayan 1815 jirage sun yi yawa ba aiki, da yawa ana gama ƙera su ake kai su ajiya. Sai injin tururi, sai harsashi mai fashewa wanda katako ba ya iya masa, kowa ya ga abin da Rasha ta yi wa jiragen Turkiyya da shi a Sinop a 1853. Faransa ta fito da Gloire mai sulken ƙarfe a 1859, Ingila ta mayar da martani da Warrior a 1860, shi kenan. Waɗanda suka rage aka mai da su ma'ajiyar gawayi ko albarushi, wasu makarantar horar da yara, sauran aka farfasa.

Akwai wanda ya rage da mutum zai iya gani yau?

Biyu, kuma dukkansu ba wanda ya taɓa shiga irin faɗan Shannon, shi Shannon ɗin an farfasa shi tun 1859.

Trincomalee ya iso tashar Portsmouth ta Ingila a 1819 bayan ya biya ta tsibirin Sant Helena inda ake tsare da Napoleon, yana zuwa aka cire masa jigo aka ajiye shi shekara ashirin da biyar da wani abu. A 1847 aka fito da shi da igwa 26 aka tura shi yankin Karebiyan da Arewacin Amurka, cikin aikinsa har da sa ido kan jiragen fataucin bayi a wajen Kuba, daga 1852 kuma ya koma tekun Fasifik. A 1897 aka sayar da shi ga masu farfasawa, sai wani attajiri Geoffrey Wheatly Cobb, wanda tsohon jirginsa na horar da yara Foudroyant ya tarwatse a gaɓar Blackpool a wannan shekarar, ya saye shi ya maye gurbi har ya laƙa masa sunan wancan. Da sunan aro ya zauna kusan shekara casa'in. A 1987 aka kai shi Hartlepool a arewa maso gabashin Ingila aka shiga gyara, a 1992 aka mayar masa da sunansa na yanka. Yana can yanzu a gidan tarihi da jigo da igiyoyinsa cif, kuma shi ne jirgin yaƙin Ingila mafi tsufa da har yau ke kan ruwa, tunda Victory a busasshen rami yake zaune. Tik ɗin Malabar ya yi rawar gani.

Na biyun Unicorn, yana Dundee a Sikotland, shi kuma labarinsa daban. An gama shi a Chatham a 1824 ba yaƙi ba dalilinsa, ko jigo ba a kafa masa ba, sai aka yi masa rufin katako kamar zaure aka ajiye don ko wata rana. Ranar ba ta zo ba. Ya yi ajiyar albarushi na ɗan lokaci, a 1873 aka ja shi da igiya zuwa Dundee ya zama wurin horar da sojan ruwa na wucin gadi har 1968. Rufin nan da ya hana ruwan sama taɓa shi ya sa mafi yawan katakonsa na asali ne, in ka ga hotonsa za ka ɗauka wani dogon gida ne aka ɗora a kan ruwa, da farin doki mai ƙaho ɗaya a goshinsa. Shekara 200 da 'yan kai kenan yana duniya, ko sau ɗaya bai taɓa buɗe filafili ba.